Ranar da Aka Kwashe Shaidana

Talata ce, cikin sanyi. Na tashi da kiran assalatu, na hura gawayi, na ɗora ruwan shayi. Na dama kunun gero mai kauri, don baƙo nake jira. A bayan katanga samarin garin Matamai masu aikin gini suna ta tari, suna faɗa a kan wanda ya sa takalmin wani. Mai burodi ya wuce da hon ɗinsa. Safiya dai irin ta kullum.

Ni Hajo ce, ƴar Tasawa. Na tsallako iyaka na shigo Tamanrasset ina bazawara, da tukunya ɗaya, ina sayar wa direbobi tuwo. A nan na auri mai gidana. Buzu ne, ɗan ƙasar nan, yana da lambu a ƙauyen Outoul. Aka ɗaura da Fatiha a masallacin unguwa, aka raba dabino, kowa ya watse. Ba mu je meri, ofishin magajin gari, an rubuta auren ba. A zamanin nan wa ke zuwa meri? Allah bai bar mana ɗa ba, balle lekkol, makarantar boko, ta tambaye mu takarda. Haka muka tsufa.

Da kamen baƙi ya yi yawa a gari, sai ya ce a nema mini katin zama na matar ɗan ƙasa. Muka yi ta zarya a buro, ofishin da ake ba da katin. A kawo hoto, muka kawo. A kawo fasfo, na yi. A kawo takardar likita, aka ɗebi jinina. Ƙarshe mai buro ya turo mana dosiyen, tarin takardun da muka haɗa, ta ƙarƙashin gilashi, ya ce in babu takardar aure, babu aure. Ni da gemun mutumin nan ya yi fari a ɗakina. Aka ce mu je gidan shari'a da mutum biyu da suka zauna wurin Fatihar, alƙali ya tabbatar, sannan a karɓi dosiye.

Muka zauna lissafin waɗanda suka halarta. Liman ya rasu. Waliyyina ya rasu. Wasu sun koma gida ba labari. Mutum biyu suka rage: Akhmadu, ɗan baffan mai gidana, da Yaya Ilu, ɗan garinmu, mai shagon atamfa a kasuwa. Aka ba mu wannan Talatar, ƙarfe goma. Mai gidana ya kwana Outoul don ranar ban ruwansa ce, daga can zai taho da Akhmadu. Ni kuma in zo da Yaya Ilu, mu haɗu a ƙofar shari'a.

Akwai abin da sai kun sani. Tun da aka ɗaura, bakina bai taɓa kiran sunan mijina ba. Haka uwata ta yi, haka kakata. Mai Lambu nake ce masa. A buro ma shi ke faɗin sunansa, ni in gyaɗa kai.

Yaya Ilu ya iso ƙarfe bakwai, da sandarsa, ya naɗa rawani irin na Buzaye saboda sanyi, idonsa kaɗai ake gani. Ya zauna a tabarma, ya ja kwanon kunu.

"Hajo, yau dai gaban alƙali sai kin faɗi sunan nan, in ji yadda yake a bakinki."

Na ce, "Yaya, to me ya sa na dama maka kunu? Kai za ka faɗa."

Ya yi dariya har ya ƙware. Bai kai rabin kwanon ba muka ji motoci.

Ba ƙarar motar kasuwa ba ce. Nauyi gare ta, kuma daga gefe biyu take zuwa. Ta tsaya. Karnuka suka ɗauka. Sai gudu a kan rufin kwano, dim, dim, dim. Samarin ne ke tsallaka gidaje. Wani ya yi ihu, "Kame! Kame!" Aka doki ƙofar maƙwabta da ƙarfe. Aka sake. A na uku ta faɗi.

Tamu ba a rufe take ba. Masu kaki biyu suka shigo da kulake.

"Barra! Barra!"

Waje ke nan. Ɗaya ya shuri kwanon kunu. Na miƙa hannu in ɗauki jakar dosiye a kan gado, ya ture ni da kafaɗa. Na fita ba jaka, da takalmi ƙafa ɗaya.

A titi sun tare kai da gindi da manyan motoci masu raga. Sun jera mu jikin bango, maza su durƙusa, hannu a ƙeya. Wata mai jego ƴar Damagaram tana riƙe da jariri ba ko zanen goyo. Wani yaron Matamai ya diro daga rufi, ƙafarsa ta karye. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Suka ja shi a ƙasa yana kiran innarsa.

Da suka zo kan Yaya Ilu, suka dubi rawani, suka dubi sanda. Suka ɗauka dattijon gari ne. Babbansu ya nuna masa hanya da haɓa. Ni na san katinsa ya ƙare tun bara, sabo bai fito ba. Ya tafi a hankali, bai waiwaya ba. Na bi shi da ido har ya wuce motar ƙarshe. Na ce a raina, alhamdu lillahi, shaidana ya fita.

Sai aka zo kaina.

"Kwaghet!"

Takardu mai kakin yake nufi. Na ce da Larabcin kasuwa, mijina ɗan ƙasa ne, yau za mu gaban alƙali. Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ciro waya, ya ce in faɗi sunan mijin da na ubansa, a duba.

Na buɗe baki. Na ce mai lambu ne a Outoul.

"Suna!"

Na ce kowa ya san shi.

"Suna!"

Wallahi sunan na nan a maƙogwarona. Ina jin sa kamar ƙwallon dabino. Harshena bai san hanyarsa ba. Na duba ƙasa. Ya kama ni a dantse, ya juya ni wajen mota.

"Atla'!"

In hau. Ƙafata ɗaya na kan ƙarfen mota sai na ji sanda na bugun ƙasa, ƙwas, ƙwas, tana matsowa. Yaya Ilu ne ya dawo. Ya tsaya tsakiyar titi, ya ɗaga murya, ya kira sunan mijina, da na ubansa, da na kakansa. Ya ce shi shaida ne, a gabansa aka ɗaura.

Shekarunsa a garin nan sun fi nawa, amma Larabcinsa bai taɓa rabuwa da Tasawa ba. Yana rufe baki suka gane ko ɗan ina ne. Mai riƙe da ni ya sake ni, ya nufe shi. Aka fizge rawanin. Aka ce kwaghet. Ya sa hannu a aljihu, aka doki hannun. Sandar ta faɗi.

A daidai nan samarin da suka tsira kan rufi suka fara jifa. Dutse ya fasa gilashin mota. Aka harba bindiga sama, sau biyu. Aka jefa abin hayaƙin nan mai cin ido. Layi ya watse. Mata na kururuwa, kowa ya nufi inda fuskarsa ta duba. Ina ganin Yaya Ilu cikin hayaƙi, kansa ba rawani, mutum biyu sun ɗaga shi kamar buhu. Ya juyo.

"Hajo, gudu!"

Na gudu.

Na bi lungun mai gawayi, na faɗa busasshen kwarin da ke bayan unguwa. Rabona da gudu tun ina budurwa. Na yar da ɗayan takalmin. Tsakuwa na yankan ƙafata, ban ji ba sai daga baya. Bayana kuka, da injin mota, da wani na busa usur. Na ga ginin da ba a gama ba, na shiga, na kwanta bayan tarin bulo.

Ina nan kwance ƙararrawar lekkol ta buga ta fitar yara shan iska. Na san goma ta yi. Mai Lambu na tsaye ƙofar shari'a da Akhmadu, suna duban hanya. Motocin suka wuce ta kan gada ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don sun cika. Ban ɗaga kai ba.

Na ji kiran azahar, ban motsa ba. Na yi taimama a kwance. Da la'asar ta yi sai na fito bakin hanya, na lulluɓe fuska. Wata motar kayan miya mai komawa Outoul ta tsaya. Direban ya san Mai Lambu. Ya dubi ƙafafuna, ya kwantar da ni tsakanin kwandunan tumatir, ya ja tamfol. A shingen hanya na ji ana buga jikin mota da hannu, ana magana, aka yi dariya. Muka wuce. Kafin magariba ina cikin lambu, ƙanwar mijina na cire mini tsakuwa da allura.

Mai Lambu ya iso bayan sallah. Tun hantsi yake yawo daga ƙofa zuwa ƙofa yana tambaya. Ya gan ni, ya zauna a ƙasa. Da safe ya koma neman Yaya Ilu, da katinsa na ɗan ƙasa a hannu. Aka ce ya dawo gobe. Da ya koma, aka ce motoci sun yi kudu.

Labari ya zo daga Arlit, ta wayar ɗaya daga samarin Matamai. An sauke su cikin rairayi, aka nuna musu inda Assamaka, garin bakin iyakar ƙasarmu, take, aka ce su taka. Yaya Ilu ba sanda. Samarin suka goya shi bi da bi. Da rana ta take ya ce su sauke shi ya huta. Bai tashi ba. Da hannu suka tona masa, suka yi masa sallah.

Matarsa ta yi takaba ba ta ga gawa ba. An rufe shagon atamfa. Jakata na same ta a kan gado yadda na bar ta, ba abin da ya ɓata a ciki. Alƙali ya sake ba mu rana, muka je da Akhmadu. Ya saurare shi har ƙarshe, ya rubuta, ya ce ina na biyun.

Yanzu ina Outoul, ba na wuce bakin lambu. Cikin mutanen da suka ji Fatihar aurena saura ɗaya, shi ma bana sai an riƙe shi yake hawa mota.