Hannun Hagun Mai Guga

Mai Guga ya tsufa a tsaye, a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene, tsakanin tebur da tulin kayan mutane. Da ƙodarsa ta gaza, aka fara yi masa wankin ƙoda. Allurar injin wankin ba ta da mashiga sai wata jijiya da likita ya haɗa masa a hannun hagu, don ta dama ta riga ta mutu.

Bai taɓa kuka da allura ba. Ƙaiƙayi ne ya ci ƙarfinsa, can ƙarƙashin fata, kamar tururuwa ta yi gida. Ƙwayar da aka ba shi tana sa shi gyangyaɗi a kan aiki, sai ya bar ta.

Nas ta ce, "Baba, tsumma mai sanyi za ka riƙa ɗorawa. Ka shafa mai bayan wanka, ka bar ruwan zafi. Hannun nan kuwa, ko ƙuda kada ya sauka."

"To, 'yata."

Matarsa ta yanke masa farce, ta zura masa safar ƙafa a hannu. "Ka koma jariri, Malam. Saura goyo."

"Da wane bayan?" in ji shi.

Amma wanda ya saba ganin zafi yana miƙar da duk abin da ya yamutse, da wuya ya yarda da sanyi. In shago ya yi shiru, sai ya goge ƙyalle, ya manna shi da zafinsa a cinya ko a ƙirji. Ƙaiƙayin ya lafa, can ya taso ya fi na da. Fata na ƙara bushewa, shi kuma yana ƙara wuta. Ran da abin ya kai shi bango, ya shimfiɗa ƙyallen a hannun hagun, ya ɗora dutsen guga a kai.

Bai gaya wa kowa ba, ya dai sauke hannun riga. Ƙunar ta fashe, ta yi ruwa. Ranar wankin ƙoda nas ta naɗe hannun rigar, ta ga shatin bakin dutsen. Ta ɗora yatsu tana neman motsin jijiyar. Ta daɗe tana nema, sannan ta kira likita.

Jijiyar hagun ma ta mutu. Yanzu ta wuya aka sa masa robar wankin ƙodar, an hana shi gumin shago. Yana zaune a gida, hannuwa cikin safa, matarsa na matse tsumma tana ɗora masa a baya.

"Ya lafa, Malam?"

"Ya lafa," ya ce, idonsa na kan dutsen gugan da ta naɗe wa waya, ta ajiye saman kabad.