Gyangyaɗina a Falon Farfesa

Ƙamshin shayin citta ne ya dawo mini da marigayi Farfesa yau. Duk Asabar ɗalibai baƙar fata sukan taru a falonsa a unguwar Cheras, can ƙasar waje, suna gyara binciken juna, ruwa na dukan taga. Ni Alhaji, da karatuna ya tsaya a aji uku na firamare, tuwo nake kawo musu.

Wata rana wata ɗaliba ta shigo da kuka. A jami'a an ƙi aiki da ita saboda fatarta, gida za ta koma.

"'Yata, tare za mu rubuta bincikenki," in ji Farfesa. "Karanta wa Alhaji. In ya gane, duniya ta gane."

A shafi na biyu na fara minshari. Dariya ta ƙwace mata, ta fasa tafiya. Bana ta zama dakta.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da masu sauraron da suka fi ni.