Kwaɓin Goggo Luan

Shekara talatin da ɗaya Luan Guizhi ta yi tana kwandasta a bas ɗin cikin garin Jinan. Abin da ta fito da shi daga aikin, ban da ciwon gwiwa da murya mai tashin unguwa, shi ne karatun ƙafa. Ba ta kallon fuskar fasinja. Da zarar diddige ya ɗaga, kan takalmi ya juya wajen ƙofa, ta san mutum ya kusa sauka ko bai ce uffan ba.

Saboda haka ba sai an gaya mata Litia na shirin barin gidan ba. A ƙarƙashin teburin cin abinci ta gani.

Litia ɗaliba ce daga tsibirin Fiji, doguwa, mai dariya da dukan jiki. Jami'a ce ta kawo ta gidan bara don bakinta ya saba da harshen gari, Goggo Luan kuwa ta ba ta ɗakin ɗanta tilo, wanda ya shekara tara a Kanada yana cewa baɗi zai zo. Daga ranar ta ɗauki yarinyar kamar ita ta haifa, wato ta sa ta gaba. Kar ki sha ruwan sanyi. Ina dogon wandon ciki? Wa ya ce ki taka ƙasa ba silifas? Kwano bai isa ya yi rabi ba, sai ta sake cika shi. Litia kuwa a garinsu ba a ce wa babba a'a, sai ta sunkuyar da kai ta cinye.

Maganar tashin ma Litia ba ta iya faɗa mata ba. Mijin Goggo Luan, Tsoho Pang, ta samu a baranda yana ba tsuntsunsa ruwa, shi ya kawo saƙon kicin yana sosa ƙeya.

"An ba ta gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Idan ba ta karɓi makulli ranar Asabar ba, za a ba wani."

"Gado! Nan a kan ƙaya take kwana?"

"Bas biyu take hawa kullum, tsohuwa. Ƙawayenta duk suna can."

"Su huɗu a ɗaki kamar kifin gwangwani. Wa zai duba ko ta rufe cikinta?"

"Wannan duba ɗin ne ai," in ji shi, ya yi waje kafin ludayi ya same shi.

Kwana huɗu Goggo Luan ta rasa inda za ta sa kanta. Ta wanke labulen da ta wanke makon jiya. Ta sauka kasuwa sau uku don tafarnuwa ɗaya. Ta hau bas har ƙofar jami'ar, ta tsaya tana ƙirga tagogin da aka shanya safa, ta dawo tana tsaki. Ta shiga ɗakin yarinyar da sunan shara, ta tarar da akwati a bayan ƙofa, rabinsa cike, ta fito ba ta share komai ba. Tsoro take ji, ba wani abu ba. Ta san yadda ɗakin nan yake in babu kowa a ciki, shekara takwas ta yi tana goge masa ƙura.

Amma tana da dabara guda, kuma ita da kanta ta koya wa Litia ma'anarta. A nan, mai tafiya jiyawzi ake naɗe masa, wato 'yan ƙullin fulawa da nama da kabeji a ciki, a sallame shi. Wanda ya iso kuwa taliya ake ja masa, doguwa, ta ɗaure masa ƙafa ya zauna. Ranar da Litia ta zo taliya ta ci. Idan ranar Asabar ta sake ganin taliya a gabanta, ta gane an ce mata zauna, kuma Goggo Luan ta san sarai yarinyar ba za ta iya musu ba. Za ta cinye, ta kwance akwati, gadon ya tafi.

Kwaɓin kuwa ɗaya ne. Sai an zo yanka ake sanin abin da zai zama.

Ranar Asabar da hantsi ta kwaɓa fulawa kamar da ita suke faɗa. Tsoho Pang ya leƙo.

"Me za mu ci?"

"Abin da na dafa."

"Ban ga kin yanka kabeji ba."

"Kai da tsuntsunka ku ji da kanku."

Ta murza kwaɓin ya yi faɗi, ta barbaɗa gari, ta ninke shi, ta ɗauko wuƙa. Litia na zaune a teburi, ta sa dogon wandon cikin da ta tsana, ga kofin ruwan zafi a gabanta tana kurɓa don a gani. Ta hango ninkakken kwaɓin, ta gane. Sai ta yi murmushi.

"Taliyarki ta fi ta kowa, Goggo," in ji ta, murya can ƙasa.

Da Goggo Luan ta tsaya a fuska, da shi ke nan. Amma sabo turken wawa, idonta ya sauka ƙasa. Ɗazu diddigen yarinyar a ɗage yake, silifas na kallon ƙofa. Yanzu ta ga ƙafafun sun dawo a hankali, sun kwanta a daɓe, sun haɗu wuri ɗaya. Ta san wannan zaman. Zaman fasinjan da aka wuce da shi tasharsa ne, kunya ta hana shi magana. Shekara talatin da ɗaya, ba ta taɓa yi wa mutum haka tana sane ba.

Ta ajiye wuƙar. Ta dunƙule kwaɓin ya koma curi.

"Tsoho! Kabeji! Kana tsaye kamar an dasa ka. Ke kuma 'yar nan, wanke hannu ki zo, ba zan naɗe sittin ni kaɗai ba."

Suka naɗe su uku. Na Litia duk sun karkace, Goggo Luan ta yi ta mita a kan kowane ɗaya, tana share ido tana cewa yajin albasa ne ya dame ta, alhali babu albasa a girkin. Litia ta cinye ashirin da biyu, ba wanda ya ƙara mata.

A bakin ƙofa yarinyar ta riƙe akwati ta fara, "Goggo, na go..."

"Rufe min baki. Baƙo ake yi wa godiya. Tafi kar a rufe ofis."

Litia ta sauka hawa ɗaya, ta tsaya, ta ɗago kai.

"Lahadi ta sama zan zo. Wanda ya iso me ake ba shi?"

Goggo Luan ta rufe ƙofa da ƙarfi. Sai da ƙarar tayoyin akwatin ta ɓace sannan ta juya ga mijinta.

"Gobe ka sayo fulawa."

"Saura kwana takwas fa, tsohuwa."

"Na ce gobe."