Bagaruwar Bayan Garken Shanu

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta da su, amma ranar da Baffa ya shigo gidanmu na Ayigya Zango da reshen itace a hannu ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Mahaifina mutumin arewa ne, can ƙasar yashi. Yana saurayi ya biyo shanu zuwa Kumasi, ya zauna, ya yi aure, ya zama dillali a kasuwar shanu. Ni ce babbar 'yarsa, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana. A shekarar da nake ba da labari hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ranar da aka sallame mu daga asibiti, likita ta ja ni gefe ta ce ƙafar za ta iya dawowa, amma sai in yana tashi yana takawa kullum. In ya kwanta, to ya kwanta ke nan.

Baba kuwa ya kwanta. Mutumin da ke kama ƙahon bijimi ya tsayar da shi, sai ga shi ya juya fuska bango. In na kawo koko ya kurɓa sau ɗaya ya ture. In na ce ya tashi mu taka zuwa ƙofa, sai ya ce, "Uwata, ƙyale ni. Ina za ni kuma?" Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a bayan ɗaki. Yanzu da na girma na gane ba ƙafar ce ta fi mutuwa ba, zuciyarsa ce ta karaya.

Wata rana da damina, bayan la'asar, Baffa ya zo. Ƙanen Baba ne, shi ma a kasuwar shanu yake. Ya ajiye wani reshen itace a kan ƙirjin yayansa. Ganyensa ƙanana ne, sun fi na tsamiya ƙanƙanta, ga fararen ƙayoyi dogaye, ga furanni rawaya dunƙule-dunƙule masu laushi kamar auduga. Ni da aka haifa a Kumasi ban taɓa ganin irinsa ba.

Baba ya ɗauka da hannunsa mai lafiya, ya kai hanci, ya daɗe a haka. Sai na ga hawaye yana gangarowa ta gefen kunnensa.

"Bagaruwa," ya ce. "Wa ya zo daga gida?"

"Babu wanda ya zo, Yaya. A nan ta fito, bayan tsohon garken da ke wajen Atonsu."

"Ƙarya kake. Bagaruwa a ƙasar kurmi?"

"To ka zo ka gani. Sai dai mota ba ta shiga wurin, da ƙafa ake zuwa. Kuma an sayar da filin, na ji in rani ya yi za a share a yi gini."

Washegari da safe Baba da kansa ya kira ni ya ce in kawo masa sanda.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Da farko daga gado zuwa ƙofa, yana gumi yana zagin ƙafar. Ya faɗi ya fasa gwiwa, ya yi fushi ya koma kwanciya, sai kuma ya sake kirana. Da muka fara fita lungu, Maame mai sayar da dokunu, wato tuwon masara na cikin ganye, a ƙofar gidanmu takan ɗago ta ce masa, "Kakra kakra, Alhaji," wato a hankali a hankali. Yana tafe yana ba ni labarin bagaruwa: a bakin fadama take fitowa, tana son rana tsantsa, inuwar manyan itatuwa irin na nan kashe ta take yi. Da 'ya'yanta majema ke jeme fata, kuma mahaifiyarsa da su take yi musu maganin ciwon baki.

Sai da damina ta ɗauke muka tafi. Muka hau trotro, wato motar haya, muka canza wata a Oforikrom, Baffa ya tare mu a bakin hanya. Baba ya taka cikin tsohon kashin shanu da duwatsu, ni a hagunsa, yana tsayawa yana hutawa, har muka zagaya bayan garken. Ga ta nan ita kaɗai a fili, ba ta fi tsayin ɗaki ba. Furannin sun zube, 'ya'yanta sun fito dogaye masu gaɓa-gaɓa kamar carbi.

Ya dafa jikinta. Can ya yi dariya, karo na farko tun kwanciyarsa.

"Kun san yadda ta zo? A cikin shanu ta zo. Sun ci 'ya'yanta a arewa, aka loda su a mota, suka zo suka kasayar a nan. Ƙwayarta tauri gare ta, sai ta bi ta cikin dabba take saurin tsirowa. Ta samu fili babu inuwa, ta kama."

Muka cika aljihunsa da 'ya'yan. Ba a daɗe ba aka sare ta, yanzu shaguna ne a wurin. A gida Baba ya jiƙa ƙwayoyin a ruwan zafi ya shuka a gwangwanaye. Yawancinsu suka ruɓe da ruwan Kumasi ya dawo. Ya sa aka samo masa yashi ya gauraya da ƙasar, ya sake shukawa. Ɗaya ta rayu, aka dasa ta a filin bayan masallacin unguwarmu, inda rana ke wuni. Saboda ita Baba ya riƙa fita kullum, kuma ya yi shekaru yana zuwa jam'i da ƙafarsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Jikokinsa yanzu su ke tsinto wa tsofaffin unguwa 'ya'yanta.

Abin da na koya shi ne, mara lafiya ba magani da faɗa kaɗai yake bukata ba. Ni na yi ta ce wa Baba ya tashi, Baffa kuwa ya nemo masa inda zai je. Tun daga lokacin, in na je duba wanda ya karaya, nakan fara tambayarsa abin da har yanzu yake marmarin gani.