Ragon da Ya Raba Ni da 'Yan Sholisho

Ina shekara goma sha uku aka kawo ni Birnin Kudu daga Kwandiko, wajen kakata Inna, don in yi ƙaramar sakandare. Baƙauye ne ni sosai, ga son a ce ni ma na waye. Da zan taho, baffana ya ba ni ɗan rago maraya, ya ce amana ce. Da kwalba na shayar da shi, shi kuwa ya ɗauka ni ce uwarsa. Ko masallaci na nufa sai ya biyo ni.

A makaranta na faɗa hannun wasu yara masu hawa duwatsun bayan gari suna shaƙar sholisho, gam ɗin nan na masu faci. Ranar farko da na shaƙa, kaina ya yi kamar zai tsage, amma na ce da daɗi don kada a yi mini dariya. Matsalar ita ce ragon nan. Duk inda muka ɓuya sai ya tsinke igiya ya zo ya tsaya a kanmu yana ɓarka kuka, har manoma su ɗago kai. Wallahi ya tona mana asiri ba sau ɗaya ba! Babbanmu ya fusata, ya ce in zaɓa, ko su ko ragon.

Washegari na ɗaure shi tamau a gindin darbejiya na tafi dutse wajensu. Da na dawo, Inna ta tafi suna, na tarar igiyar ta nannaɗe masa wuya, harshe waje, yana shure-shure. Ga kaina na juyawa, ga yatsuna sun ƙi kwance ƙullin. Da haƙori na kwance shi ina kuka.

Da Inna ta dawo ba ta dake ni ba. Ta shinshina rigata, ta ce dabbar nan ba ta da kowa sai ni, in hankalina ya gushe wa zai ba ta dusa? Daga ranar ban sake hawa dutsen ba. Har gobe tana tsokanata wai rago ne ya yi mini tarbiyya, kuma ban taɓa musawa ba.

Iyaye, faɗa kaɗai ba ya riƙe yaro a wannan shekarun. Ku ba shi abin da zai kula da shi, wanda zai sa ya dawo gida da wuri. Abokaina ba su fi ni lalacewa ba, babu mai jiransu ne kawai.