Takardar Da Na Kafa A Jikin Darbejiya

Ni dai ban zaɓi sunan nan ba, liƙa mini aka yi. A wajenmu duk wanda ya iya taka leda sai an ba shi sunan wani ɗan wasan Turai, yana so ko ba ya so, har sunan yanka ya nemi ɓacewa. Rabona ya faɗa kan wani ɗan Sifaniya mai buga tsakiya, mutum marar hayaniya, ba gudu ba tsalle, sai dai ya ɗaga kai sau ɗaya ya aika ƙwallo inda ba wanda ya zata. Aka ce haka nake yi a filin firamarenmu na Ajingi. Gaskiyar magana ni gudun ne ban iya ba, amma tunda an kira abin basira, wa zai ƙi?

Wanda ya fara kirana da sunan aminina ne, Bafulatanin Gafasa, mai tsaron bayanmu. Kakata Babarbariya ce, don haka tun muna yara akwai wasa tsakaninmu. Bai taɓa yi mini gaisuwar arziki ba, sai dai ya hango ni ya ce, "Bawana, ka karya kuwa, ko in sa a kankaro maka ƙanzo?" Ni kuma in tambaye shi ko shanun sun ba shi izinin shigowa gari. A babur ɗinsa muke zuwa Gaya kallon wasa, don injin gidan kallon can ba ya mutuwa ana tsakiyar abu. Ranar da mai sunana ya yi abin kirki ni ake bubbuga wa kafaɗa, ranar da ya kwafsa ni ake zagi. Shekara da shekaru muna haka.

Sai mai sunan nawa ya tsufa a fili, ya yi ritaya, ba a jima ba muka gan shi a bakin layi ya zama koci. A daidai lokacin aka yi wa malamin da yake horar da mu canjin wajen aiki. 'Yan ƙungiya suka ce ai magana ta ƙare, mai sunanka ya zama koci, kai me kake jira? Da wasa aka fara, aminina ne ma ya fi kowa zugawa. Gwiwata dama ta fara ciwo, na karɓa.

Daga nan kallona ya canza. Na daina bin ƙwallo da ido, na koma jiran a hasko mai sunana: yadda yake tsayawa hannu a aljihu, ba dariya, ba hira da kowa. Wata rana ya ajiye wani tsohon abokin wasansa a benci har aka tashi, mutumin da suka yi shekaru suna sa riga ɗaya. Masu jin Turanci a gidan kallon suka ce masu sharhi yabonsa suke, wai koci ba shi da aboki. Maganar nan ta shiga kaina ta zauna daram.

Bayan an cire gyaɗa aka haɗa mu wasa da wata ƙungiya ta Gaya, a filinmu. Suna da wani ɗan gaba mai gudun tsiya, aminina kuwa noma da shekaru sun ci ƙafarsa, kafin ya juya an wuce shi. Dole a ajiye shi, kuma har gobe ina nan a kan haka. Abin da ya lalata komai shi ne yadda na yi.

Na san yadda ake yi, ba wai ban sani ba. Ka je zaurensa bayan la'asar, ku gaisa, ka tambayi gona, ka kewaya ka kewaya, har shi da bakinsa ya ce, "Ƙafar nan tawa tana damuna, ka sa wani." Ka nuna ba ka so, ya matsa, ka haƙura. Ya fita da girmansa, kai ka samu abin da kake nema. Haka na taso na ga manya suna yi. Amma ni a lokacin gani nake wannan kwana-kwana ce ta mutanen ƙauye. Na yago takarda daga littafin rubutu, na jera sunaye goma sha ɗaya, ranar wasa na kafa ta da ƙusa a jikin darbejiyar da muke sa kaya a gindinta. Na koma gefe na zuba hannu a aljihu.

Abin da na manta, ko in ce na ƙi tunawa, aminina allo ya yi, bokonsa bai taka kara ya karya ba. Ya riga ya ɗaure takalmi. Yayyen matarsa biyu sun zo tun daga Gafasa don su gan shi. Ya tsaya gaban takardar, sai mai tsaron ragarmu ya karanta masa da ƙarfi, kowa yana ji. Ya ce a maimaita, aka maimaita. Ya durƙusa ya kwance igiyar takalminsa a hankali, ya miƙe ya dube ni.

"Allah ya ba da sa'a, koci," in ji shi.

Bai tafi ba. Ya zauna a benci har aka tashi. Muka ci su ɗaya da nema, aka ɗaga ni sama.

Da ya zage ni da na ji sanyi. Bai zage ni ba, bai ƙaurace mini ba. In mun haɗu sai ya tsaya ya gaishe ni tsaf: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙoƙari. "Bawana" kuwa ban sake jin ta ba. Sau biyu ina zuwa gidansa ba da haƙuri, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa a dama fura, ya ce, "Haba koci, me aka yi? Wallahi ba komai." To, wanda ya ce maka ba komai, ta ina za ka kama shi?

Sauran 'yan wasan ma suka ɗauki darasi. In na iso teburin mai shayi sai hira ta mutu, a matsa mini wuri mai faɗi. Gaya kuwa na koma zuwa a adaidaita, in zauna a bencin baya ni kaɗai. Mai sunana ya ci kofi, an kore shi, wata ƙungiyar ta ɗauke shi, furfura ta fito masa. Har yanzu in aka hasko shi a bakin layi nakan tambayi kaina ko da wa yake cin abinci. Kewa ce take damuna, ba na ɓoyewa.

Daminar bara matar aminina ta haifi namiji, bayan 'ya'ya mata uku. A wajen mai shayi na samu goron sunan, kamar kowa. Duk sunayen baya ni ne mai raba goro, ni ne mai danne rago, ko zama ba na samu. Na yi sammako na tafi Gafasa. Da aka shafa fatiha na ga an jawo ragon, sai na naɗe hannun riga na nufi wajen, na ce yau dai ko ta halin ƙaƙa sai na koma wurina.

Aminina ya taro ni a hanya, ya kama hannuna da hannu bibbiyu.

"A'a koci, kada ka ɓata kayanka. Ku ba koci wuri."

Ya kai ni har kan darduma, kusa da liman da dagaci, ya zaunar da ni. Ina kallo wani maƙwabcinsa ya danne ragon. Abokanmu suka kewaye faranti ɗaya na waina suna wawaso suna dariya. Tawa aka kawo mini daban, a kwano mai murfi, har da cokali.