Shuɗiyar waya, shuɗin rami

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Ina goge akwatin intanet na falo, sai na ga shuɗiyar waya a jan rami. Na ce ina, shuɗi sai shuɗi! Na mayar da ita.

Ashe ita ke kai intanet sama, inda 'yata Hajara ke ganawar neman aiki ta bidiyo. Hoto ya tsaya cak! Ta kirawo Oga Sunday mai gyara daga Gwarinpa, ta wanke shi tas.

Ya duba ya ce, "Madam, jan ramin ne mai gudu. Yara suka canza?"

Hajara ta ce, "Wane yara? Gidan nan daga ni sai Inna."

Suka juyo gare ni, tsumman gugar yana hannuna.